Ƙafar da aka yanke tana ƙaiƙayi: jiki ne ke ji, ko ƙwaƙwalwa?

Tambayar ta zo ne daga wani matashi da ke aiki a asibitin sha-ka-tafi a wani ƙauye a ƙasar Kazaure. Ya ce bara aka yanke wa kawunsa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa bayan haɗarin babur, amma har yau dattijon yakan ce tafin ƙafar na yi masa ƙaiƙayi, har ya kai hannu ya sosa tabarma. Wasu a gida na cewa iska ce, wasu na cewa tsufa ne ya fara taɓa masa hankali. Shi kuma a makarantar koyon aikin lafiya an koya musu cewa ƙwaƙwalwa ce ke gani da ji, gaɓɓai saƙo kawai suke kai mata. Sai ya ci karo da maganar wasu masana falsafa, masu fannin da ake kira finominoloji, da ke cewa da jiki ake sanin duniya. Yana so ya san me suke nufi, kuma ko maganar ba ta saɓa wa imaninmu da ruhi ba.

Ɗana, Allah Ya ba kawu lafiya, Ya sa kaffara ce. Abin da ya fi gaggawa shi zan fara faɗa: hankalin kawunka ƙalau yake, kuma ba iska ba ce. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa suna ci gaba da jin gaɓar tana nan, wasu ƙaiƙayi, wasu zafi, wasu ma su ji yatsunsu na motsi. Likitan sojan Faransa, Ambroise Paré, ya rubuta a kan haka tun ƙarni na 16, sannan Silas Weir Mitchell ya yi cikakken bayaninsa a 1871 daga sojojin da ya duba a yaƙin basasar Amurka. Ka je ka gaya wa mutanen gida wannan tun yau, kafin a fara yawo da dattijo gidajen masu magani.

Abin da aka koya maka a makaranta ba ƙarya ba ne. Haske na shiga ido, jijiya ta kai saƙo can bayan ƙwaƙwalwa, in wurin ya lalace mutum ya makance ko da idonsa garau yake. Matsalar tana ga hoton da wannan bayani ke bari a zuciyar ɗalibi: wai ainihin mutum wani ne da ke zaune cikin kai, jiki kuwa dokinsa ne, ya ja linzami ya bi dama, ya ja ya bi hagu. A falsafar Turai, wanda aka fi jingina wa wannan rarrabewa shi ne René Descartes, Bafaranshen da ya rayu daga 1596 zuwa 1650. A littafinsa na 1641 ya ce zai iya shakkar yana da hannu da ƙafa, domin ƙila mafarki yake, amma ba zai iya shakkar cewa yana tunani ba. Saboda haka shi abu ne mai tunani, jiki kuwa abu ne mai tsawo da faɗi kamar sauran abubuwa. A yi masa adalci dai, shi da kansa ya ga giɓin. Ya ce zamansa cikin jikinsa ba irin zaman matuƙi cikin jirgin ruwa ba ne, domin matuƙi da ido yake gane jirgi ya fashe, shi kuwa in an yanke shi zafi yake ji. Ya ga giɓin, bai dai iya cike shi ba. Daga nan masu finominoloji suka ɗauki zancen, bayan fiye da shekara 250.

Wanda ya kafa fannin shi ne Edmund Husserl, an haife shi a 1859, ya mutu a 1938. Da ilimin lissafi ya fara kafin ya koma falsafa, ya koyar a jami'o'in Jamus, ya ƙare a Freiburg. Abin da ya nema a wurin ɗalibansa shi ne, kafin ka tambayi me ke haddasa gani, tsaya tukuna ka siffanta ganin kansa yadda yake zuwar maka. To, mu gwada. Ka tsaya gaban rumbu a tsakar gida. Gefe ɗaya ne kawai ke fuskantar idonka, amma ba ka taɓa cewa ka ga rabin rumbu ba. Rumbu ka gani, mai ciki da baya. Daga ina bayan ya zo, tunda haskensa bai shiga idonka ba? Wani zai ce ai lissafi aka yi a kai: tunda kowane rumbu na da baya, wannan ma yana da shi. Ka binciki kanka da kyau, ba za ka tarar da wannan lissafin ba. Abin da za ka tarar shi ne wani shiri da ke jikinka: in na taka nan, gefen can zai fito, in na tsuguna, zan ga duwatsun da aka ɗora shi a kai, in na hau tsani, zan leƙa bakinsa. Bayan rumbun yana cikin ganinka a matsayin wurin da ƙafarka za ta iya kai ka. Shi ya sa Husserl ya ce a ƙarƙashin kowane gani akwai "zan iya". Wannan ita ce jijiyar maganar duka, kuma in ka riƙe ta, sauran za su zo maka da sauƙi.

Sannan ka lura, duk abin da ka taɓa gani, daga wani wuri ka gan shi. Kuka na gabanka, rijiya na damanka, gari ya yi nisa. Kusa da nesa, sama da ƙasa, dama da hagu, babu wanda ke da ma'ana sai an auna shi daga inda jiki yake. Kowane abu kana iya matsawa ka bar shi can, ban da jikinka. Kullum shi ne nan. Ba ka iya zagaya shi yadda ka zagaya rumbu. Yanzu ɗora hannunka na dama a kan na hagu. Dama yana jin fata da ƙashi, kamar yadda zai ji a hannun wani. Amma hagu ma yana jin ana taɓa shi, kuma kana iya juya lamarin, hagu ya zama mai taɓawa, dama abin taɓawa. Babu wani abu da ka mallaka da yake haka. Ke nan jiki fuska biyu gare shi. Akwai wanda kake ɗaura wa abin awon jini, ka rubuta nauyinsa a kati. Akwai kuma wanda marar lafiya ke ji daga ciki, wanda da shi yake jin sanyin hannunka lokacin da kake ɗaura masa abin awon. Makarantar lafiya na farkon ta koya maka. Finominoloji kan na biyun take magana.

Saura ƙiris wannan tunani ya salwanta. Husserl asalinsa Bayahude ne, 'yan Nazi masu ƙin Yahudawa, da ke mulkin Jamus a lokacin, sun hana shi koyarwa, kuma da ya mutu ya bar rubuce-rubucen hannu kimanin shafi 40,000 da ba a buga ba. Wani matashin limamin Katolika ɗan Beljiyam, Herman Van Breda, shi ya fitar da su daga Jamus ta hannun ofishin jakadancin ƙasarsu, ya kai su jami'ar Leuven. A 1939 wani matashin Bafaranshe, Maurice Merleau-Ponty, ya je can ya karanta abin da Husserl ya rubuta a kan jiki. A 1945 ya fitar da babban littafinsa a kan yadda ɗan Adam ke riskar abubuwa, kuma shi ne mutumin da aka fi nufi in an ce da jiki ake sanin duniya. Ya mutu a 1961 yana da shekara 53.

Shahararren misalinsa shi ne makaho da sandarsa. Makahon da ya saba da sanda ba ita yake ji a tafin hannunsa ba, ƙasa yake ji a bakinta: nan yashi, nan tsakuwa, nan bakin kwata. Sandar ta daina zama abin da ake ji, ta koma abin da ake ji da shi. Kai ma ka san wannan daga gona. Manomin da ya saba da fartanyarsa, daga saran farko ya san ko da sauran damshi a ƙasa, kuma a bakin ƙarfen yake jin saiwar ciyawa, ba a ƙota ba. Ka ba shi ta aro, sai ka ji yana ƙorafin ƙota, wai ta yi masa kauri ko ta yi gajarta, har sai hannunsa ya saba ta sake ɓacewa daga hankalinsa. Matar da ta ɗauko tulu a kan gammo, in ta iso ƙofar zaure, takan rage tsawo daidai yadda bakin tulun zai wuce. Ba ta auna ƙofar ba, ba ta auna tulun ba. Tsawonta ne ya ƙaru, kuma ta san haka ba tare da ta yi tunaninsa ba. Merleau-Ponty ya ce iyakar jikin da muke rayuwa da shi ba fata ba ce, tana miƙewa ta haɗiye kayan aikin da muka saba da su. Lokacin da ya faɗa, magana ce ta mai lura kawai. A 1996 wani mai bincike a Japan, Atsushi Iriki, da abokan aikinsa suka koya wa birai jawo abinci da 'yar manjagara, suna auna ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke lura da abin da ya kusanci hannu. Da biri ya yi aiki da manjagarar, sai ƙwayoyin suka fara amsawa ga abin da ya kusanci bakin manjagarar ma, kamar hannun ne ya ƙara tsawo.

Akwai kuma sanin da ke zaune a gaɓɓai. Dubi mai bin sungumi ranar shuka: yatsu su tsinko gero, hannu ya saki, ƙafa ta rufe ramin, ɗaya ƙafar ta riga ta kai rami na gaba, ga shi kuma tana hira da ta kusa da ita. Ka tsayar da ita ka ce ta faɗa maka da wace ƙafa take rufewa, sai ta ɗan yi shiru, ta sake yin motsin a gabanka tana kallon kanta, sannan ta ba ka amsa. Ta koma ta tambayi jikinta ke nan. Ko alaramma, in an jawo masa aya daga tsakiyar sura, sau da yawa sai ya koma baya kaɗan ya taho da karatun, harshe da numfashi su kawo shi wurin. Wannan ba aikin inji ba ne, domin mai shukar na sauya taku in ƙasa ta sauya, ta kauce wa kututture ba tare da ta yanke hirarta ba. Ba kuma tunani ba ne irin na mai warware lissafin gado. Sani ne na uku, kuma a ganina shi ne mafi yawan abin da ɗan Adam ya sani. Ina jin ciwon yadda muka bari yaranmu ke ɗaukar cewa wanda bai riƙe alƙalami ba bai san komai ba, alhali maƙerin da ke gane zafin ƙarfe daga launinsa yana ɗauke da ilimin da shekaru suka gina.

In kana son ka ga yadda rayuwa za ta kasance da a ce da gaske mutum tuƙa jikinsa yake daga cikin kai, akwai wanda hakan ta faru da shi. Ian Waterman, wani matashin mahauci ɗan Ingila, ya yi rashin lafiya a 1971 yana da shekara 19. Ciwon ya lalata jijiyoyin da ke sanar da mutum taɓawa da kuma inda gaɓɓansa suke, daga wuya zuwa ƙasa. Bai shanye ba, ƙarfinsa na nan, tunaninsa na nan. Amma in bai kalli hannunsa ba, bai san inda yake ba. Da farko ko zama bai iya ba. Da naci ya koyi tafiya, ta hanyar zuba wa ƙafafunsa ido da tsara kowane taku a ransa kafin ya yi shi, kuma in haske ya ɗauke farat ɗaya sai ya zube ƙasa. Likitansa, Jonathan Cole, ya rubuta labarinsa. Abin da shi yake yi da wahala da cikakken mai da hankali, ni da kai kyauta muke samunsa kowane lokaci, har ba mu san ana ba mu ba.

Gani kansa ma sai da motsi yake nuna. A 1963 Richard Held da Alan Hein a Amurka suka reni 'ya'yan kyanwa cikin duhu, suna fito da su haske biyu-biyu a cikin wani abu mai juyawa. Ɗaya na tafiya da ƙafarta, tafiyarta ce kuma ke jan ɗayar da ke zaune cikin ɗan kwando. Abu ɗaya idanunsu ke gani, na tsawon lokaci ɗaya. Da aka gwada su, mai tafiyar ta iya miƙa ƙafa daidai inda za ta sauka, tana kuma kauce wa gefen da ya yi zurfi. Wadda aka ɗauka a kwando ta kasa, ko da yake idonta lafiya lau, sai da aka bar ta ta yi yawo da kanta cikin haske.

Yanzu ga bayanin abin da ke damun kawu. Merleau-Ponty ya ce jikin mutum hawa biyu ne: jikin sabo, wanda shekara da shekaru suka gina, da jikin yanzu, wanda ke kwance kan tabarma a yau. A wurin mai lafiya sun haɗe, ba a ganin tsakaninsu. A wurin kawu sun rabu. Likita ya yanke ƙafa daga jikin yanzu, amma wuƙarsa ba ta kai ga jikin sabo ba. Kuma ka tuna abin da muka ce game da rumbu: abubuwa na bayyana gare mu tare da abin da za mu iya yi da su. Duk duniyar kawu da ƙafa biyu aka gina ta. Dokin ƙofa abin tsallakewa ne, hanyar gona abin takawa ce, fedar keke tana jiran ƙafar hagu, kuma in ya wanke ƙafar dama a alwala, hannunsa ya riga ya nufi ɗayar. Waɗannan abubuwa ba su daina kiransa ba, jikin sabo kuma bai daina amsawa ba. Da kansa ya san an yanke ƙafar, in ka tambaye shi zai gaya maka ranar. Amma "zan iya" ɗinsa bai ji labari ba tukuna.

Likitocin ƙwaƙwalwa kuma za su ce maka tun shekarun 1930 Wilder Penfield a Kanada ya nuna cewa kowane sashe na jiki yana da gurbinsa a ƙwaƙwalwa, kuma gurbin ƙafar kawu na nan ba a yanke shi ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma ban ga faɗa tsakanin bayanan biyu ba. Ƙwaƙwalwa ai ita ma jiki ce, jini ke ciyar da ita, kuma aikin da gaɓɓai ke yi yana gyara waɗannan gurabe. Likita na duban abin daga waje, mai finominoloji na faɗin yadda yake ga wanda abin ya samu. Kai da kake zaune da marasa lafiya kullum, kana bukatar duka biyun, domin babu wanda ya taɓa zuwa asibitinka ya ce gurbin ƙafarsa a ƙwaƙwalwa na damunsa.

Daga wannan akwai abin yi. Lokacin da ya fi hatsari shi ne dare, in ya farka cikin magagi zai fita fitsari: jikin sabo ne ke tashi kafin tunani ya farka, sai ya taka ƙafar da babu, ya faɗi kan dungun. A ajiye masa sandar dogarawa inda hannunsa zai fara cin karo da ita, da fitila a kusa. Ka duba dungun kansa, domin zafin da ke fitowa daga kumburi ko ƙwayar cuta daban yake, kuma yana son magani nan take. Akwai kuma dabarar madubi da V. S. Ramachandran ya fito da ita a Amurka a shekarun 1990. A zaunar da shi, a tsayar da madubi tsakanin ƙafafunsa yadda zai ga hoton mai lafiyar a mazaunin wadda babu, ya motsa yatsu, ya sosa inda ke ƙaiƙayin yana kallon madubin. Tana yi wa wasu amfani, wasu ba ta yi musu, amma ba ta da tsada. In ƙaiƙayin ya koma zafi mai hana barci, a kai shi ga likita. Asibitin ƙashi na Dala a Kano suna da sashen ƙafar roba, kuma ƙafar roba, in an saba da ita, tana iya shiga jiki yadda sandar makaho ke shiga.

Jiki magayi ne, amma sai abu ya ɓaci yake magana. Mai lafiya ba ya jin gwiwarsa, masallaci kawai yake gani kusa. Ranar da gwiwar ta kumbura, masallacin ya yi nisa, alhali ba a matsar da shi ba. Haka kuma idon mutane na iya jawo jiki fili. Kowa ya san yadda saurayi ke rasa inda zai ajiye hannuwansa a gaban surukai, tafiyar da ya iya tun yana yaro ta gagare shi. Frantz Fanon, likitan masu taɓin hankali ɗan tsibirin Martinique, ya kawo wannan gyara ga Merleau-Ponty a 1952. Ya ce bayanin jiki mai sakewa cikin duniyarsa bai cika ba, domin shi baƙar fata a Faransa, da wani yaro ya nuna shi da yatsa, sai ya ji jikinsa ya koma abin kallo, yana ganin kansa ta idon wasu. Ina ganin Fanon ya yi daidai. Wanda aka yanke wa gaɓa yana shan irin wannan a kowace gaisuwa, in idanu suka sauka kan dungu kafin su hau fuska. Kada ku ƙwace masa duk wani aiki da sunan tausayi. A bar masa abin da hannunsa ya iya, a fito da shi majalisa, a ci gaba da neman shawararsa kan gona da kiwo.

Sai batun ruhi, kuma na ji daɗi da ka tambaya maimakon ka bar shi yana cin ka. Finominoloji hanya ce ta siffanta abin da ke bayyana ga rayayyen mutum. Sharaɗinta na farko shi ne a jingine hukunci a kan abin da ke bayan wannan bayyanar. Ba ta da ma'aunin da za ta ce akwai ruhi, ba ta da wanda za ta ce babu, ba ta kuma da ta cewa kan abin da ke bayan mutuwa. Duk wanda ya ɗauko maka Merleau-Ponty don ya kore ruhi ya ɗora wa hanyar kayan da ba nata ba. Mu kuwa an riga an gaya mana a Suratul Isra'i, aya ta 85, cewa ruhi na daga al'amarin Ubangiji, kuma ilimin da aka ba mu kaɗan ne. A Suratun Nahli, aya ta 78, an ce an fitar da mu daga cikkunan iyayenmu mata ba mu san komai ba, aka sanya mana ji da gani da zukata. Ta waɗannan ƙofofi sani ya shigo mana.

Hujja mafi ƙarfi da ke ɗaya ɓangaren ma daga namu malaman ta fito, tun kafin Descartes da kusan shekara 600. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ce ka ƙaddara an halicci mutum yanzu-yanzu, cikakke, idonsa a rufe, yana rataye a sarari, babu iskar da ke taɓa shi, gaɓɓansa a wawware ba su taɓa juna. Zai san cewa akwai shi? Ibnu Sina ya ce zai sani, alhali bai san yana da hannu ko zuciya ba, saboda haka kai ba jikinka ba ne. Ina girmama wannan hujja, kuma ta kama wata gaskiya: sanin kai ba ya jiran mutum ya kalli jikinsa. Amma ka duba abin da aka cire wa mutumin nan. An cire jikin da ake gani, an cire wanda ake taɓawa. Numfashi fa? Bugun zuciya fa? Jin inda hannu yake ba tare da an duba ba, wanda Waterman ya rasa rayuwarsa ta birkice? Mu da muke ƙaddara misalin, da jikinmu muke ƙaddara shi, har mukan ji kamar muna lilo a sararin. Ga fahimtata, misalin bai nuna yadda sani marar jiki yake ba, domin babu wani mai rai da ya taɓa ɗanɗana shi ya ba da labari. Abin da ya nuna shi ne cewa mutum ya wuce naman da ake aunawa, kuma wannan Husserl ma bai musa ba.

Za ka kuma tarar Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, yana kiran jiki abin hawan zuciya, gaɓɓai kuma rundunarta. Kada ka tsaya nan, ka ci gaba da karatu. Shi ne kuma ya nace cewa tasirin ta hanya biyu yake bi: halin zuciya na sauka a gaɓɓai, aikin gaɓɓai kuma na hawa ya bar alama a zuciya, har ya ce mai son ya zama mai kyauta ya tilasta wa hannunsa bayarwa har ta zame masa ɗabi'a. Cikin mas'aloli uku da ya fi tsananta wa masana falsafa a kansu akwai cewar da suka yi rayuka kawai za a tayar, ban da jikkuna. Aƙidarmu ita ce da jiki za a tashi, kuma a Suratu Yasin, aya ta 65, hannaye ne za su yi magana, ƙafafu su yi shaida. Ka dubi hukuncin sallar marar lafiya ma. A hadisin Imrana ɗan Husaini da Buhari ya ruwaito, an ce ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ba a ce masa tunda ruhi ne abin dubawa ya yi ta a ransa kawai ba. Malaman fiƙihu sun bi abin mataki-mataki har zuwa ishara da kai, kuma a kowane mataki abin da ake tambaya shi ne me jikin wannan bawan yake iyawa a yau.